“Saɓa yake yi”: amsar da ake rufe bakin masu aku da ita

A zauren wani kawuna a Talata Mafara akwai kejin waya rataye kusa da ƙofa, a ciki akwai aku, irin mai launin toka da jar wutsiya. Wani direban babbar mota ne ya zo da shi daga kudu shekara uku da suka wuce, kawu ya saya wa yara. Ya iya sallama, ya iya tarin kawu sak, ya iya kukan waya har baƙo ya shiga laluben aljihu. Abin da bai iya ba shi ne tashi. Da na je hutun babbar sallah na tarar da ƙirjinsa tas kamar na kazar da aka fige za a babbaka, fiffikensa na dama guntu, jar wutsiyar nan saura gashi biyu.

Na ce, “Kawu, tun yaushe ya koma haka?”

Ya ce, “Kai ɗan boko, saɓa shi ka yi. Mai tsuntsaye ya ce in damana ta faɗi gashi na hitowa.”

Damina ta uku ke nan tana faɗuwa.

Wannan amsa ce nake so ni da kai mai karatu mu zauna mu kwance ta zare-zare, domin ba kawuna kaɗai aka faɗa wa ba. In ka tsaya wajen masu sayar da tsuntsaye ranar kasuwa za ka ji ta, in ka buɗe gajerun bidiyon kiwo da ake ɗorawa a TikTok da Facebook da Hausa za ka ji ta, kuma kusan kullum tana tafe da 'yan rakiyarta: a yanke fiffike ɗaya don kada ya gudu, a zuba masa maganin kaji a ruwa, a shafa masa mai, in ya ƙi a fesa masa maganin ƙwari. Ban ce masu faɗin haka duk maƙaryata ba ne. Da yawansu abin da suka tarar ke nan. Matsalata da amsar ita ce akwai gaskiya a cikinta daidai gwargwadon da zai sa mutum ya daina dubawa.

Gaskiyar ita ce, lallai tsuntsu yana sauya gashi. Gashin tsuntsu an gina shi ne da keratin, dangin abin da ya gina farcenka da ƙahon sa, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na nauyinsa furotin ne. Da zarar ya gama girma, jini ya janye daga cikinsa, ya zama mataccen abu. Fata in ta yanke tana warkewa, ƙashi in ya karye yana ɗoruwa, amma gashi in ya goge ko ya tsage, ya tafi ke nan. Rana tana cinsa, gogayya da reshe tana cinsa, ƙwayoyin cuta suna cinsa. Hanya ɗaya ce tsuntsu ke da ita: sabo ya tsiro daga ramin da tsoho yake, ya turo shi ya faɗi. Masu kajin ƙwai sun san wannan lokaci sarai, domin kaza in ta shiga sauya gashi takan rage ƙwai ko ta tsaya cak. Abincin da zai tafi ƙwai ya tafi gashi.

To amma kalmar saɓa da muka aro daga maciji tana yaudararmu. Maciji yakan tuɓe rigarsa gaba ɗaya ya bar ta a gindin geza. Aku ba haka yake yi ba, kuma da zai yi haka a dawa da bai kwana ba. Akwai tsuntsayen da ke yin kusa da haka. Agwagin daji da dinya, irin waɗanda ake gani a ruwa kamar na madatsar Bakolori, sukan zubar da manyan gashin fiffike a lokaci guda, su yi makonni ba sa tashi, amma su suna da ruwa da ciyawar bakin ruwa da za su ɓuya, abincinsu kuma yana nan inda suke. Macen cilakowa ma takan yi haka a lokacin da ta shiga kogon itace aka liƙe ƙofar, namiji yana miƙo mata abinci ta 'yar kafa. Ita ma tana da mafaka da mai ciyarwa. Aku ba shi da ko ɗaya. Kullum sai ya tashi ya nemi itacen da ya yi 'ya'ya, kullum sai ya tsere wa shaho. Saboda haka nasa sauyin a hankali yake, kamar mai gyaran rufin ɗakin da yake kwana a ciki.

Ga yadda tsarin yake, kuma nan ne nake so ka ɗan dakata. A ƙarshen kowane fiffike na aku akwai dogayen gashi guda 10, su ne masu tura shi gaba a iska. A wutsiya akwai 12. Yawancin ƙananan tsuntsaye suna fara sauya dogayen nan ne daga na ciki, su bi layi zuwa waje. Aku kuwa daga tsakiya yake farawa, wajen gashi na biyar ko na shida, sannan sauyin ya rabu biyu, wani ya yi ciki wani ya yi waje. A 2013 wani masanin tsuntsaye a Amurka, Peter Pyle, ya nuna cewa dangin aku da wani reshe na dangin shaho, masu tsinin fiffike da gudun tsiya, suna tarayya a wannan salo na farawa daga tsakiya, abin da ya zo daidai da binciken ƙwayoyin gado da ya nuna cewa su biyun 'yan uwa ne na kusa fiye da yadda kamanninsu ke nunawa. (Wato mai farauta da wanda ake farauta kakansu ɗaya. Wannan zancen wata rana ne.) Abin da ya shafe mu a nan shi ne: sauyin yana tafiya a fukafukai biyu tare. In gashi na shida ya faɗi a dama, ba da jimawa ba na shida zai faɗi a hagu. Ɗaya ko biyu ne ke ɓacewa a lokaci guda, kuma kafin na gaba ya faɗi, sabon ya yi nisa. Sabon yana ƙaruwa da 'yan milimita kaɗan a rana, dogon gashi ɗaya yakan ci mako shida zuwa takwas, kuma a manyan nau'o'in aku zagayen dukan fiffiken yakan wuce shekara.

Ka ga ke nan, aku mai sauya gashi na gaskiya ba ya rasa tashi, kuma ba a ganin fatarsa. Za ka ga gashi a ƙasan keji, cikakke, da gindinsa mai santsi, busasshe, ba jini. Za ka ga wasu tsinkaye farare-farare suna tsirowa a kansa da wuyansa kamar ƙayar bushiya, sabbin gashi ne cikin kubensu. Zai yawaita susa, zai ɗan yi fushi-fushi. Iyakarta ke nan. Duk akun da ƙirjinsa ya fito fili, ko fiffikensa ɗaya ya bambanta da ɗaya, ko ya shekara bai tashi ba, wani abu ne daban ya same shi, ko da kuwa yana sauya gashin a lokaci guda.

Na buɗe fiffiken akun kawu, bayan na naɗe shi da tawul kuma na sha cizo ɗaya. Dogayen gashin dama guda bakwai an datse su a layi ɗaya, miƙe, aikin almakashi. Babu sauyin gashi a duniya da ke barin layi miƙaƙƙe. Kawu bai musa ba. Ya ce mai tsuntsayen ne ya koya musu, duk sanda suka ga ya fara tsawo su rage.

A nan ne shawarar ta fi ba ni haushi, saboda an gina ta a kan kuskuren fahimta ɗaya: ana ɗaukar gashin tsuntsu kamar sumar mutum, wadda in an aske take ci gaba da tsawo daga tushe. Gashin tsuntsu da aka yanke ba ya ƙara ko milimita ɗaya. Gindin yana nan zaune a raminsa, jiki kuma bai san an yanke saman ba, don haka ba zai turo sabo ba sai layin sauyi ya zo kansa, wata shida ne, shekara ce, ko fiye. In sabon ya fito kuma, ga abin da ke jiransa. Gashi mai tsirowa yana da jini a cikinsa, gindinsa baƙi-baƙi, taushi gare shi. A fiffike lafiyayye tsofaffin da ke gefensa ne ke kare shi, kamar yadda manya ke sa yaro a tsakiya a cikin cunkoso. A fiffiken da aka datse, shi kaɗai yake fitowa, ya bugi waya ya karye, jini ya yi ta zuba. Tsuntsun da nauyinsa duka bai wuce giram 400 zuwa 500 ba, jinin da zai iya asara kaɗan ne. In kuma mai almakashi bai san bambancin gashi mai jini da busasshe ba, shi da kansa zai yanka jijiyar.

Yanke fiffike ɗaya kuwa, hujjarsa ita ce wai tsuntsu ya rasa daidaito. To ai shi ne laifinsa. Aku in ya firgita ba ya tuna an yanke shi, zai yi tsalle ne, sai fiffike ɗaya ya ɗauka ɗaya ya ƙi, ya juya a iska ya faɗo da ƙirji a kan siminti. Likitocin tsuntsaye sun san wannan rauni sosai a jikin aku mai toka: fatar da ke kan ƙashin ƙirji ta tsage, ta ƙi warkewa saboda kullum ana sake faɗuwa a kanta.

Zan yi wa masu yankewa adalci. Gidajenmu a buɗe suke, tsakar gida ba rufi, a ɗaki ga fanka tana juyawa, a waje ga shaho. Wanda ya sa kuɗinsa ba ya so ya wayi gari tsuntsu yana kan dogon yaro na maƙwabta. Damuwa ce ta gaske. Amma tsuntsun da ba ya tashi a tsakar gidan da muzuru ke yawo, ban ga tsaron da aka ba shi ba. Ko likitocin da suka yarda da rage fiffike, abin da suke cewa shi ne a rage kaɗan, a ɓangare biyu daidai, yadda tsuntsu zai iya saukowa a hankali, kuma kada a taɓa ɗan da bai koyi tashi ba tukuna. Wannan ya yi nisa da abin da ake yi da almakashin tela.

Sai ƙirjin. Nan ba almakashi, ba cuta a fata, kuma ga alamar da ta warware zancen: kansa lafiya lau, gashin kai da na fuska cif-cif. Duk inda bakinsa ke kaiwa ya fige, inda ba ya kaiwa yana nan. Shi yake fige kansa.

Wannan ɗabi'a sananniya ce a wajen aku na keji, kuma mai toka yana cikin waɗanda suka fi yinta. Wani bincike da aka buga a 2014 a kan akun da ake kiwo a Ingila ya samu kusan huɗu cikin kowane goma na wannan nau'i suna fige kansu. A Ingila fa, inda ake sayar musu da abincin gwangwani da kayan wasa. A dawa ba a san su da wannan ba. Dalilin ba ɗaya ba ne, ciwo a ciki yana sawa, ƙaiƙayin fata yana sawa, amma babba daga ciki shi ne zaman banza da kaɗaici. Ka tuna wane ne wannan tsuntsu. Mu da muka tashi da Magana Jari Ce ta Abubakar Imam mun san aku a matsayin mai hikimar da ya kai ga sarautar waziri, kuma kimiyya ba ta ƙaryata marubucin gaba ɗaya ba: Alex, akun da Irene Pepperberg ta yi shekara 30 tana aiki da shi a Amurka har ya mutu a 2007, yana rarrabe launi da siffa da ƙananan lambobi. A kurmin Kuros Riba irinsa suna kwana ne a garke, su yi tafiyar kilomitoci neman abinci, su shafe sa'o'i suna ɓare 'ya'yan itace. Ka ɗauko wannan ƙwaƙwalwa da wannan baki ka sa a keji mai faɗin kwali, da gwangwanin gyaɗa ɓararriya da zai cinye cikin minti goma. Sauran awa goma sha ɗaya na yini me zai yi da bakin? A 2003 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Debis sun gwada wannan a kan wani nau'in aku na Kudancin Amurka: waɗanda aka sa su wahala kafin su samu abinci, aka kuma ba su abin hawa da abin tauna, gashinsu ya fi kyau, waɗanda suka riga suka fara lalata nasu ma sun gyaru da aka canja musu zama.

Sannan ga yanayi. Tsuntsun kurmi ne, inda iska ke da laima kusan duk shekara. Mun kawo shi inda hunturu ke fasa wa mutum leɓe da dunduniya, bazara kuma zafi ya haura digiri 40. Fatarsa tana bushewa, kuben sabon gashi yana taurare. Akun kawu bai taɓa wanka ba, don an ce musu ruwa yana sa masa mura. A dawa cikin ruwan sama yake buɗe fukafukai.

Abincin ma haka. Gyaɗa da dawa da masara suna ƙosarwa, amma suna da ƙarancin bitamin A da kalsiyam da wasu daga cikin tubalan furotin da ake gina gashi da su. A kurmi aku mai toka yana cin 'ya'yan kwakwar manja, masu ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. In ka ɗaga gashin da ya faɗo ka duba shi a hasken rana, wani lokaci za ka ga layuka siririya sun gitta shi kamar an ja reza. Kowane layi rana ce da tsuntsun ya shiga yunwa ko firgita ko ciwo lokacin da gashin ke tsirowa, kuma a nan yake karyewa daga baya. Gashi littafin ajiya ne, yana rubuta abin da ya faru. Gyaɗar da ta yi fumfuna kuwa, wadda mu kanmu muke warewa mu ce a ba tsuntsu, guba ce ga hantarsa.

Yanzu ka auna magungunan da ake bayarwa da waɗannan dalilai. Kafso ja da yalo, ko garin maganin kaji da ake kaɗawa a ruwa, maganin ƙwayoyin bakteriya ne. Ba ya tsirar da gashin da aka yanke, ba ya cire kaɗaici. Abin da yake yi in an daɗe ana bayarwa shi ne kashe ƙwayoyin hanji masu amfani, ya buɗe wa fumfuna hanya. Wasu magungunan tsutsar ciki ma an san suna lalata gashi in an ba da su daidai lokacin da yake tsirowa. Man kaɗe da manja da ake shafawa suna manne zaren gashin, su hana shi riƙe ɗumi, tsuntsu kuma ya ƙara himmar fige abin da ya dame shi. Kananzir da fiya-fiya ba sai na tsaya ba: huhun tsuntsu da jakunkunan iskar da ke jikinsa suna zuƙar abin da ke cikin iska fiye da namu nesa ba kusa ba, ko hayaƙin maganin sauro na murɗe da turaren wuta a rufaffen ɗaki suna cutar da shi. Ƙuma da ƙwarƙwata da ake ɗora wa laifi kuwa, a kaji ne suka fi yawa. A aku na keji ba kasafai su ne dalili ba.

Akwai yanayi ɗaya da “bari mu jira damina” ke zama hatsari ga wasu tsuntsayen ma, ba mai ciwon kaɗai ba. Cuta ce da ake kira cutar baki da gashi, wani ƙanƙanin bairos ke kawo ta. A Ostareliya aka fara bayyana ta sosai a shekarun 1970. Tana kashe ƙwayoyin da ke gina gashi, sai kowane sauyi ya fito da gashi mafi muni: gajere, murɗaɗɗe, da jini daskare a gindi, mai faɗuwa kafin ya buɗe. Bambancinta da fige kai shi ne ba ta barin kai. A aku mai toka akwai wata alama: lafiyayye yana fitar da wani farin gari daga jikinsa, shi ya sa baƙin bakinsa ke yin kamar an barbaɗa masa toka. In garin ya ɗauke, baki ya koma yana sheƙi, wannan ba kyau ba ne, alama ce. Haka jajayen gashi da ke ɓullowa a inda ya kamata a ga toka. Wasu masu sayarwa suna ƙara kuɗi a kansu, wai sarkin aku ne. Wani lokaci gado ne, amma sau da yawa alamar ramin gashin da ya lalace ne ko ciwo. Kuma jan nan jikin aku ne ke haɗa shi da kansa, ba daga abinci yake zuwa ba, don haka ba a ƙara shi da manja ko tattasai.

Cutar ba ta da magani har yau, tana karya garkuwar jiki, kuma bairos ɗin yana daɗewa a ƙurar gashi da kashi da jikin keji. Kada ka ce ta Turai ce. A 2018 wani bincike da Deborah Fogell ta jagoranta ya gano bairos ɗin a ƙasashe takwas da ba a san yana nan ba a da, ciki har da Nijeriya da Sanagal da Gambiya. Yanzu ka tuna yadda ake jera keji a kan keji a kasuwa. Ka tuna kuma cewa mu ma muna da namu dangin aku a dawa: tsirya, koriya mai dogon bindi da jan baki, da ɗan guntun nan mai kai toka-toka da ciki ruwan ɗorawa wanda masana ke kira akun Sanagal. Manoman Bakura da Maradun sun san su a kan zangarniyar dawa da gero, yara kuma sun san kogunan itacen da suke ƙyanƙyasa. Mutumin da tsiryarsa ta “ƙi gashi” ya gaji ya sake ta, yana ganin ya yi sadaka, yana iya zama ya aika wa na dawa da cuta.

Kada 'yan uwana 'yan boko su yi murna, sukar ta biyo ta kanmu. Abin da muke yi galibi shi ne mu buɗe shafin Ingila ko Amurka mu juye shi da Hausa. Sai ka ga an rubuta wa mutumin Mafara cewa aku yana sauya gashi in rana ta fara gajarta bayan bazara. A Landan tsawon yini yana tashi daga wajen awa 8 zuwa fiye da 16. A Talata Mafara, da ke wajen digiri 12 da rabi arewa da tsakiyar duniya, bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce awa ɗaya da rabi ba. A ƙasashe irin namu ruwan sama da samuwar abinci da lokacin ƙyanƙyasa suna da babban hannu a jadawalin tsuntsu, na keji kuma da ke kwana ƙarƙashin fitilar sola da ƙarar talabijin, nasa jadawalin a rikice yake. Haka nan mu ce a sayi abincin aku na kanti, a kai shi wajen likitan da ya ƙware a aku. A ina? Likitan dabbobi na gari yana iya duba rauni, ya tsayar da jini, ya duba kashi, in abin ya fi ƙarfinsa akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Wannan ita ce shawarar da mutum zai iya bi. Abinci kuma yana nan a kasuwar Talata, albarkacin noman rani na Bakolori: karas, tattasai, kabewa, ganyen zogale, gwanda, mangwaro a lokacinsa, dafaffen wake, ɗan dafaffen ƙwai sau ɗaya ko biyu a mako. Fiya ce kaɗai a cikin kayan marmari zan ce ka nisanta da shi ƙwarai, guba ce gare shi. Shawarar da ba ta san kasuwar mai karatu ba, ita ma rufe baki take yi, da turanci kawai.

Akwai kuma abin da ɓangarorin biyu ba sa son faɗa, wato inda guntun fiffiken ya samo asali tun farko. Aku mai toka ba ya rayuwa a dajin Zamfara. Duk wanda ka gani a keji a nan, in ba an tabbatar maka a hannu aka ƙyanƙyashe shi ba, daga kurmi aka kamo shi, galibi da danƙo da ake shafa wa sanda, ko a ciro shi daga kogo yana ɗan tsako. Danƙon yana lalata gashi, masu kamun kuma sukan datse fiffike nan take. Jar wutsiyar ma kaya ce mai kasuwarta daban, Yarbawa suna kiranta ikodide suna amfani da ita a al'adunsu, don haka akan fige ta a sayar kafin tsuntsun ya iso hannunka. A ƙarshen 2007 an kama aku fiye da 1,000 a filin jirgin Duwala na Kamaru aka kai su cibiyar kula da namun daji ta Limbe, kuma da yawansu sai da suka yi watanni ana jiran sabon gashi kafin a iya sakinsu. A Gana, binciken da aka buga a 2016 ya nuna ƙasar ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na wannan tsuntsu tun daga 1992. A shekarar ce taron yarjejeniyar CITES a Johannesbag ya haramta cinikin na dawa tsakanin ƙasashe, Nijeriya kuma tana da dokarta ta kare irin waɗannan halittu tun 1985. Mai sayarwa da ya ce maka “saɓa yake yi” a ranar ciniki, wani lokaci ba kuskure yake yi ba. Yana rufe sawun tarko ne.

Kawu bai karanta ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma ban yi masa lacca ba, ba a yi wa kawu lacca. Na roƙe shi abu uku: a ɓoye almakashi, a bar yara su riƙa yayyafa masa ruwa da hantsi, a daina ɓare masa komai. Mun sa wani mai walda ya yi keji da ya ninka tsohon sau huɗu, muka rataye shi inda ake zama da rana, yana samun hasken safe yana kuma da inuwa, da dare a kai shi inda ba fitila. Ana sa masa masara a jikin totuwarta, da ɗanyen reshen mangwaro ya yi ta ɓarza. Karas kwana tara yana jefar da shi ƙasa kafin ya ɗanɗana.

Wata biyar bayan haka ƙanwata ta turo min hoto. Dogayen gashi uku sun fito a dama, ɗaya ya karye a hanya, biyu sun tsira. Wutsiya ta koma takwas. Ƙirjin ya rufe ta gefe da gefe, amma akwai wani fili a tsakiya kamar faɗin kwabo biyu da har yanzu fata ce, mai yiwuwa ramukan wajen sun mutu saboda yawan figa. Bai tashi ba tukuna. Kawu ya ce a faɗa min damana ce ta faɗi.